SIFA 'YAR AIKATAU A NAHAWUN TURANCI: JAGORA GA MASU FARA KOYO

GABATARWA

An shirya wannan ɗan littafi ne domin 'yan makaranta, da ɗaliban ajin yaƙi da jahilci, da iyaye masu duba karatun 'ya'yansu, da kuma duk ɗan ƙasa da yake iya karanta Hausa amma Turanci yana ba shi wuya. Maƙasudinsa shi ne bayyana wani kashi guda na nahawun Turanci, watau kalmomin nan masu ƙarewa da "-ing" ko "-ed" ko "-en", waɗanda Turawa suke kira "participle".

Wataƙila wani ya tambaya, mene ne muhimmancin ƙarshen kalma har da za a yi masa littafi? Dalili shi ne, da Turanci ake gudanar da yawancin ayyukan hukuma a ƙasar nan. Sashe na 55 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce da Turanci za a gudanar da harkokin Majalisar Tarayya, tare da Hausa da Ibo da Yarbanci idan an yi tanadin da ya dace. Hukumar WAEC da aka kafa a 1952, da NECO da aka kafa a 1999, dukansu suna jarraba ɗalibai a darasin Turanci, kuma jami'o'in ƙasar nan suna neman kyakkyawan sakamako a wannan darasi. Haka nan hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, ta wajabta takardar Turanci ga kowane mai neman shiga jami'a.

Za mu ɗauko misalanmu daga Gwantu, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Sanga a kudancin Jihar Kaduna, a kan hanyar da ta tashi daga Akwanga zuwa Jos. Yaron da aka haifa a wannan yanki yakan tashi da harshen iyayensa, ko Numana, ko Ninzo, ko Ayu, ko Mada, ko wani. A kasuwa da tasha ya ji Hausa. Sa'an nan ya tarar da Turanci yana jiransa a makaranta, da jikin kwalbar magani, da buhun iri, da takardar banki. Halin da miliyoyin 'yan Nijeriya suke ciki ke nan. Abin da muke so mu nuna shi ne, wanda ya ji Hausa ya riga ya ci rabin wannan darasi tun kafin ya shiga aji, domin abin da ake koya masa da Turanci yana nan cikin Hausar da yake yi kullum.

MECE CE SIFA 'YAR AIKATAU?

Aikatau ita ce kalmar da take nuna aiki, kamar dafa, wanke, rubuta. Sifa kuwa ita ce kalmar da take bayyana kamannin abu ko halinsa, kamar fari, dogo, sabo. To, akwai wata kalma da ta tsaya tsakaninsu: an ciro ta daga aikatau, amma tana iya yin aikin sifa. Malaman nahawun Hausa suna kiranta sifa 'yar aikatau. Sunanta na Turanci daga harshen Latin ya samo asali, kuma ma'anarsa mai rabo, saboda tana da rabo a gidan aikatau, tana kuma da rabo a gidan sifa.

Waɗanda suka yi karatun Larabci sun san wannan abu da sunan ismul fa'ili da ismul maf'uli. Hausa ma ta aro kalmomi daga dukan biyun. "Azzalumi" shi ne mai aikata zalunci, "mashahuri" kuwa shi ne wanda aka sani ko'ina. Na farko shi ya yi aiki, na biyu a kansa aikin ya faɗa. A riƙe wannan bambanci da kyau, domin shi ne ginshiƙin dukan abin da zai biyo baya.

ABIN DA MAI JIN HAUSA YA RIGA YA SANI

Idan mace ta dafa doya, mukan ce dafaffiyar doya. Idan an soya ta, mu ce soyayyiya. Idan citta ta bushe, mu ce busasshiyar citta. Ba wanda ya zaunar da mu ya koya mana ƙa'ida, amma ƙa'idar tana nan: ana ɗaukar baƙin ƙarshe na saiwar aikatau, a maimaita shi, a ƙara wasali. Daga dafa a sami dafaffe, daga wanke a sami wankakke, daga sani a sami sananne, daga rubuta a sami rubutacce. Wannan ita ce takwarar kalmar Turanci mai ƙarewa da "-ed" ko "-en":

boiled yam: dafaffiyar doya
dried ginger: busasshiyar citta
washed clothes: wankakkun tufafi
a broken bridge: karyayyiyar gada
a written agreement: rubutacciyar yarjejeniya
stolen goats: satattun awaki

Ita kuwa mai ƙarewa da "-ing", da "mai" ko "masu" Hausa take fassara ta:

a crying child: yaro mai kuka
running water: ruwa mai gudu
growing children: yara masu tasowa

A nan mai koyo zai ga cewa ta wani fanni Turanci ya fi Hausa sauƙi. Hausa tana sauya kalmar bisa ga jinsi da adadi: karyayye, karyayyiya, karyayyu. Turanci kuwa ba ruwansa da namiji ko mace, ɗaya ko jam'i. "Broken" ɗin nan dai ita ce a "broken chair" da "broken chairs".

Ƙa'idar farko ke nan, kuma ita ce uwar sauran: "-ing" tana nuna mai yin aiki, ko aikin da ake cikin yinsa, "-ed" da 'yan'uwanta suna nuna wanda aka yi wa aiki, ko aikin da ya riga ya kammala. "Falling tree" itace ne da yake cikin faɗuwa, sai a gudu. "Fallen tree" faɗaɗɗen itace ne, sai a zo da gatari.

YADDA AKE GINA SU

Ta farko, mai "-ing". Kowace aikatau ta sosai a Turanci tana karɓar wannan ɗafa-ƙeya, sai dai a lura da rubutu a wurare uku:

1. Idan kalma ta ƙare da "e" wanda ba a furtawa, sai a jefar da shi: make, making, write, writing, come, coming.

2. Idan kalma gajeriya ce, ta ƙare da wasali ɗaya da baƙi ɗaya, sai a ninka baƙin: sit, sitting; run, running; dig, digging. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin "hoping" fata ne, "hopping" kuwa tsalle-tsalle ne.

3. Idan ta ƙare da "ie", sai su koma "y": die, dying, lie, lying, tie, tying.

Ta biyu, wadda malamai suke kira siga ta uku. Yawancin aikatau na Turanci masu bin ƙa'ida ne, watau ana ƙara musu "-ed" kawai: wash, washed, plant, planted, stop, stopped. Idan kalmar ta ƙare da baƙi da "y", sai "y" ya koma "i": carry, carried, dry, dried.

Furucin "-ed" iri uku ne. Bayan "t" ko "d" ana jin gaɓa sabuwa, kamar "id": planted, wanted, needed. Bayan sautuka irin su "k", "p", "s" da "sh" ana jin "t" kaɗai: cooked, stopped, passed, washed. A sauran wurare "d" ake ji: boiled, cleaned, opened. Tun da yake yawancin kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa, harshenmu bai saba da tara baƙaƙe biyu ko uku a ƙarshen kalma ba, saboda haka mukan haɗiye wannan ɗan sauti. Abin da baki ya haɗiye kuwa, alƙalami ma yakan mance da shi. Shi ya sa ake ganin allunan masu abinci a tashoshin mota an rubuta "fry yam" da "boil egg", alhali "fried yam" da "boiled egg" ne daidai.

Sai kuma aikatau marasa bin ƙa'ida. Yawansu ya kai wajen 200, amma waɗanda ake amfani da su yau da kullum ba su kai haka ba. Babu wata dabara a kansu sai hadda, sai dai haddar takan yi sauƙi idan aka kasa su gida huɗu. A kowane layi, kalma ta uku ita ce wadda muke magana a kanta:

Gida na ɗaya, duka ukun iri ɗaya ne: cut, cut, cut, put, put, put, shut, shut, shut, cost, cost, cost.

Gida na biyu, ta biyu da ta uku iri ɗaya ne: buy, bought, bought, sell, sold, sold, pay, paid, paid, send, sent, sent, teach, taught, taught, build, built, built.

Gida na uku, ta ɗaya da ta uku iri ɗaya ne: come, came, come, run, ran, run, become, became, become.

Gida na huɗu, kowace daban take: write, wrote, written, break, broke, broken, eat, ate, eaten, take, took, taken, go, went, gone, see, saw, seen, steal, stole, stolen, drink, drank, drunk, begin, began, begun.

A gida na huɗu ne aka fi yin tuntuɓe, saboda haka a fi ba shi ƙarfi.

AYYUKAN DA SUKE YI CIKIN JIMLA

Ban da aikin sifa da muka riga muka gani, waɗannan kalmomi suna haɗuwa da ƙananan aikatau masu taimako, watau dangin "be" da dangin "have", su gina jimla iri uku. Dangin "be" su ne am, is, are, was, were, been, being. Dangin "have" su ne have, has, had.

Na ɗaya: dangin "be" da "-ing" suna nuna aiki mai ci, kamar yadda Hausa take cewa yana, tana, suna.

The farmer is planting maize: Manomi yana shuka masara.
The women were selling yams: Matan suna sayar da doya a lokacin.

Na biyu: dangin "have" da siga ta uku suna nuna aikin da ya riga ya auku.

The lorry has gone to Akwanga: Babbar motar ta tafi Akwanga.
We have eaten: Mun ci abinci.
The rain had stopped before we reached Fadan Karshi: Ruwa ya riga ya ɗauke kafin mu isa Fadan Karshi.

Na uku: dangin "be" da siga ta uku suna nuna cewa a kan wanda aka ambata aikin ya faɗa. A nan Hausa takan yi amfani da "an", "ana" ko "za a", ko kuwa ta ce abu yana a rufe, a buɗe, a ɗaure.

The goat was sold: An sayar da akuyar.
The results will be released: Za a fitar da sakamakon.
The office is closed: Ofis yana rufe.

Akwai abin lura a nan. Littattafan Turanci suna kiran mai "-ing" ta yanzu, suna kiran siga ta uku ta da. Kada wannan suna ya ruɗi mai koyo. Kalmar ita kaɗai ba ta faɗin lokaci. Mai taimakon da yake gabanta shi ne yake faɗi. "She is cooking" yanzu ne, "she was cooking" ɗazu ne ko jiya, "she will be cooking" gobe ne, amma "cooking" ba ta motsa ba. Saboda haka ba a barin ta tsaya ita kaɗai a matsayin aikatau na jimla. Wanda ya rubuta "He going to Kafanchan" ya gina ɗaki ba rufi. Tilas a ce "He is going to Kafanchan".

INDA KUSKURE YAKE JAWO HASARA

Hausawa sun ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Ga wasu wurare da harafi biyu ko uku suke juya magana gaba ɗaya, kuma abin ya shafi lafiya da dukiya da mutunci.

1. Magani. A jikin kwalaben maganin yara da suke zuwa da gari a ciki, akan rubuta cewa a zuba "boiled and cooled water", watau tafasasshen ruwa wanda ya huce. Uwar da ta ɗauka "boiling water" aka ce, watau ruwa mai tafasa, za ta iya lalata maganin, ta kuma ƙona kanta ko ɗanta. Haka kuma "expired" na nufin wa'adin abu ya ƙare, ba a sha, ba a ci. Duk wanda bai gane rubutun jikin magani ba, lalle ne ya tambayi ma'aikacin lafiya kafin ya bar wurin.

2. Gona. Buhun iri da aka rubuta wa "treated" iri ne da aka cuɗanya da maganin ƙwari ko na cuta. Na shuka ne kaɗai. Ba a kai shi niƙa, ba a ba dabbobi. "Banned" kuwa haramtacce ne, wanda hukuma ta hana sayarwa da amfani da shi.

3. Kuɗi. "I have paid" na nufin na biya. "I have been paid" na nufin an biya ni. Kalma ɗaya ce ta shiga tsakani, watau "been", amma ta mai da mai ba da kuɗi ya koma mai karɓa. Lebura ko ɗan kwangila da ya sa hannu a ƙarƙashin jimla ta biyu alhali ba a ba shi ko kwabo ba, ya ba da shaida a kan kansa cewa ba ya bin kowa bashi.

4. Shari'a. "I was cheated" na nufin an cuce ni. "I was cheating" na nufin ina cikin yin zamba. Mai kai ƙara da ya rubuta ta biyu a maimakon ta farko ya shiga ofis a matsayin wanda aka zalunta, ya bar takarda mai cewa shi ne azzalumin. Kada kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a takardar da ba a karanta masa an kuma fassara masa ba.

5. Neman aiki. "I am interested in the post" na nufin ina sha'awar aikin. "I am interesting" kuwa na nufin ni abin sha'awa ne, wanda yabon kai ne. Haka nan "I am bored" na nufin na gundura, amma "I am boring" na nufin ni ne mai gundurar mutane. "I am confused" na ruɗe ne. "I am confusing" ni ne mai ruɗa jama'a. Ƙa'idar dai ita ce ta farko: abin da ya haddasa halin shi ne mai "-ing", wanda halin ya sama shi ne mai "-ed".

6. Hatimi da alluna. Yawancin kalmomin da ake bugawa da hatimi a ofisoshi siga ta uku ce, an taƙaita jimlar ne kawai: "Paid", an biya, "Received", an karɓa, "Approved", an amince, "Cancelled", an soke, "Sold", an sayar, "Road closed", an rufe hanya. A lokacin zaɓe kuma akan ji "registered voters", watau masu zaɓe da aka yi wa rajista, da "rejected votes", waɗanda gidajen rediyo suke kira lalatattun ƙuri'u.

IDAN TA ZO A FARKON JIMLA

Masu rubutun Turanci sukan haɗa jimla biyu su zama ɗaya ta hanyar fara magana da wannan kalma. Hausa ma tana yin kusan haka da "da", ko "bayan", ko "yana cikin".

Hearing the bell, the pupils ran to class: Da jin ƙararrawa, sai ɗalibai suka ruga aji.
Having paid the fees, she collected her receipt: Bayan ta biya kuɗin makaranta, sai ta karɓi rasit.
Bitten by a snake, the boy was taken to hospital: Da maciji ya sari yaron, sai aka kai shi asibiti.

Sharaɗi ɗaya ne a nan, amma mai tsanani: sunan da ya biyo bayan waƙafi, shi ne ake ɗauka ya yi aikin da aka fara ambata, ko shi aka yi wa. Ɗalibin da ya rubuta "Riding to Gidan Waya, a goat crossed the road" ya ce ke nan akuya ce take tuƙa babur zuwa Gidan Waya. Gyaran shi ne a ce "Riding to Gidan Waya, I saw a goat cross the road", ko kuwa "While I was riding to Gidan Waya, a goat crossed the road". Mai fara koyo da bai tabbata ba, gara ya yi amfani da "when", "while" ko "after", ya rubuta jimlarsa cikakkiya. Masu duba takardun jarrabawa ba sa rage maki don jimla ta yi sauƙi, amma suna ragewa idan ta karkace.

WATA MAI KAMA DA ITA

Kama da wane ba ta wane. Akwai kalmomi masu "-ing" da suke aikin suna, kamar yadda Hausa take ciro noma daga nome, ko ɗinki daga ɗinka. A "Farming is hard work", watau noma aiki ne mai wuya, "farming" sunan aikin ne. Haka yake a allunan "No parking" da "No smoking". Hanyar ganewa ita ce a gwada fassarawa da "mai". "Boiling water" ruwa ne mai tafasa, ta zauna daidai. Amma "drinking water" ba ruwa mai sha ba ne, ruwan sha ne. "Grinding stone" dutsen niƙa ne. "Walking stick" sandar dogarawa ce. Idan fassarar ta fito da "mai" ko "masu", sifa ce. Idan ta fito da "na" ko "ta" na amfani, suna ce.

KURAKURAN DA AKA FI YI

1. Sa siga ta biyu bayan "have". Ba a cewa "I have went" ko "she has wrote". A ce "I have gone", "she has written".

2. Sa siga ta uku ita kaɗai. Ba a cewa "I seen him". A ce "I saw him" ko "I have seen him".

3. Ƙara "-ed" inda ba wurinta ba ne. Babu "borned", babu "cutted", babu "teached". A ce "I was born in Gwantu".

4. Musanya "been" da "being". "Been" tana bin dangin "have": "The road has been repaired", an gyara hanya. "Being" tana bin dangin "be": "The road is being repaired", ana cikin gyaran hanya. Direban da ya gane bambancin ya san ko zai wuce ko zai nemi wata hanya.

5. Fassara "ina" da "-ing" a ko'ina. Mukan ce ina da mota, ina jin Hausa, ina son abu kaza. Amma aikatau masu nuna mallaka da sani da so, irin su have, know, understand, want, ba su cika karɓar "-ing" da wannan ma'ana ba. A ce "I have a car", "I understand Hausa", "I know him".

6. Cewa "It was happened" ko "he was died". Aikin da ba ya faɗawa kan wani ba ya shiga wannan gini. A ce "It happened", "he died".

GWAJI

A cike gurbi da sigar da ta dace ta kalmar da aka bayar a farkon layi.

1. take: The patient was ........ to Kafanchan.
2. sell: My mother is ........ oranges by the roadside.
3. write: Have you ........ the letter?
4. tire: The journey was ........, and the passengers were ........
5. be: The school has ........ painted.
6. dry: We stored the ........ pepper in sacks.
7. steal: The police found the ........ motorcycle.
8. finish: Having ........ his work, the mason went home.

Amsoshi: 1. taken. 2. selling. 3. written. 4. tiring, tired. 5. been. 6. dried. 7. stolen. 8. finished.

Wanda ya ci shida ko fiye ya kama hanya. Wanda bai kai haka ba ya koma ya sake karanta sashen da ya shafi inda ya faɗi, ya sake gwadawa bayan kwana biyu.

KIRA GA MALAMAI DA IYAYE DA ƊALIBAI

Tun a 1977 Manufar Ilmi ta Ƙasa ta yi la'akari da cewa yaro ya fi saurin fahimta idan aka fara masa da harshen da ya sani. Wannan darasi yana daga cikin wuraren da gaskiyar haka take fitowa fili. Ana kira ga malamai, da ɗaliban kwalejojin horon malamai irin ta Gidan Waya, da su fara da dafaffe da soyayye kafin su kai ga "boiled" da "fried". Malamin da yake jin harshen gida na ɗalibansa ya tambaye su yadda ake faɗin haka a cikinsa, su kwatanta harsunan uku a kan allo. Kada a tsaya ga haddar sunayen nahawu kaɗai. A kawo kwalin magani da rasit da tsohuwar jarida cikin aji, a sa yara su nemo kalmomin da kansu, su faɗi wa ya yi aiki, wa aka yi wa.

Iyaye kuma, ko da ba su yi boko mai zurfi ba, suna iya sa yaro ya karanta musu abin da yake rubuce a jikin kayan da suka sayo, ya fassara. Ta haka yaro yana bita, gida kuma yana tsira daga kuskure.

Ga ɗalibi, babba ko yaro, shawara uku ce. Ya haddace aikatau biyar marasa bin ƙa'ida kowace rana, da sigoginsu uku. Cikin kwana 20 ya sami 100. Ya riƙa furta ƙarshen kalma sosai sa'ad da yake karatu a bayyane. Sa'an nan duk inda ya gamu da "-ing" ko "-ed" a takardar da za ta ɗaure shi, ya tsaya ya tambayi kansa: ni ne na yi, ko ni aka yi wa? Idan amsar ba ta fito ba, ya nemi wanda ya sani kafin ya sa hannu, domin matambayi ba ya ɓata.

Wanda ya gama karanta wannan ɗan littafi ya miƙa wa maƙwabcinsa, ko ya karanta wa wanda bai iya ba.